Loma Goma Sha Shida a Ginza

A gidan abinci mafi tsada da na taɓa shiga, ba wanda ya tambaye ni me zan ci. Babu takardar jerin abinci, babu farashi a bango. Kanta ce doguwa ta farin katako, kujeru takwas a jere, sai wani dattijo a tsaye a ɗaya gefen riƙe da siririyar wuƙa mai tsawon kusan kamu guda. Japanawa suna kiran wannan tsari omakase, wato na bar maka zaɓi. Kai dai ka zauna. Abin da ya ga ya dace da ranar shi zai ɗora a gabanka, loma ɗaya bayan ɗaya, har sai ya ce an gama.

Ga Bahaushe wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mu karamcinmu a yawa yake. A tula maka tuwo, a kwarara miya, maigida yana turo maka tsoka yana cewa ai ba ka ci komai ba. A nan kuwa mutum zai dube ka, ya dunƙula 'yar shinkafar da ba ta fi babban yatsanka biyu ba, ya ɗora yankan kifi, ya ajiye, ya koma kan na kusa da kai. Kuma wannan ne ƙololuwar girmama baƙo a wurinsu.

Aikina rubuta manhaja. Daga Kano nake yi wa wani kamfani aiki ta intanet, a ƙarshen 2024 aka tura ni Tokyo na mako biyu domin mu haɗa tsarinmu na biyan kuɗi da na wasu abokan hulɗa. Babban injiniyansu, mutumin da ya ba hamsin baya, wanda a ofis sai ya wuni bai yi jimla goma ba, shi ya kama mana kujera tun wata biyu kafin in sauka. A amsar gayyatar na yi tambayar da kowane Musulmi zai yi, ko akwai giya a cikin abincin. Ashe akwai, ta inda ba ka zato. A irin waɗannan gidaje ba a ajiye maka abin dangwale. Mai sushin ne ke shafa wa kowace loma wani ruwa da ɗan burushi kafin ya miƙo. Sunan ruwan nikiri: shoyu ne, baƙin ruwan waken suya mai gishiri, da aka tafasa tare da giyar shinkafa har ƙarfinta ya ƙone. Na ce ko ta ƙone a yi mini uzuri. Bayan kwana biyu amsa ta zo. Mai gidan ya ce ba damuwa, amma abu biyu zan rasa kuma yana so in sani tun yanzu: wainar ƙwan da ake rufewa da ita, da zazzaƙan romon da ake shafa wa wani dogon kifi mai kama da maciji da suke kira anago. Ya kuma roƙi kada in sa turare. Wannan ta fi ba ni wuya, don ni ko shagon unguwa za ni sai na fesa.

Gidan yana hawa na uku na wani siririn bene a Ginza, unguwar da ta tara manyan kantunan Tokyo. Ba allo mai walƙiya, sai ɗan labule a ƙofa. Da na shiga na gane dalilin hana turaren. Ɗakin ba ya ƙarnin kifi ko kaɗan. Ƙamshin katakon kantar ne kawai, itacen da suke kira hinoki, wanda ba a shafa masa fenti, sai ɗan tsamin shinkafa a iska. Ba kiɗa. Aka miƙo mana tawul mai ɗumi muka goge hannu. A gefen dattijon na hango ƙananan kofuna biyu da burushi biyu, ɗaya an ɗaura masa jan zare. Nawa ke nan, shoyu zalla.

Shinkafar ce ta fara kama ni, kafin kifin. Da ɗuminta ta zo, daidai ɗumin jikin mutum, kifin a kanta da ɗan sanyi. Ka ɗauke ta a dunƙule, tana shiga baki ta warware, kowace ƙwaya daban. Launinta ya ɗan ja, saboda ruwan khal ɗin da aka kwaɓa ta da shi irin na dā ne, wanda ake yi da dusar giyar shinkafa da ta shekara da shekaru. Ni abin da ya riga ya zama khal ba ni da damuwa da shi, wani kuma yana iya bin wata fahimtar. Duk bayan 'yan lomomi sai wani saurayi ya fito daga bayan labule da sabuwar shinkafa a ɗan akushin katako, ya ɗauke ta dā. Abokin tafiyata ya raɗa mini cewa a nan ake gane gwani. Kifi mai kyau duk mai kuɗi zai iya saya a kasuwa, shinkafa kuwa sai ka iya.

An fara da farin kifi mara kitse, da ɗan gishiri da ɗigon wani ƙaramin lemon tsami nasu. Sai wani abin teku fari fat mai santsi, wanda aka yi wa ƙananan tsagu da wuƙa har ba ya buƙatar tauna. Tsakanin kifi da shinkafa akwai wasabi, kore, mai tashi ta hanci ya ɓace nan take. A gabanmu aka goge saiwarsa a kan busasshiyar fatar kifin shak. Wanda ake matsowa daga kwali a yawancin gidajen abinci na duniya wata saiwa ce daban da aka rina kore, shi ya sa take ƙuna ba ƙamshi. Tsakanin loma da loma ka ɗan ci yankakkiyar citta mai tsami don baki ya washe.

Da hannu na ci, domin an halatta, har ma wasu sun fi son haka. A loma ta uku dattijon ya yi wata gajeriyar magana bai ɗago kai ba. Abokina ya fassara: ya ce tunda da hannu kake ci, ya sassauta dunƙulen naka, mai cin da tsinke ne ake matse wa don kada ta wargaje a hanya. Ni da na tashi ina kallon yadda kowa a gidanmu ke murza lomar tuwo daidai bakinsa, na fahimci wannan magana fiye da duk bayanin da aka yi mini a daren. Sunan abin ma, nigiri, daga kalmar damƙa ya fito.

Lomar da ta zauna mini a rai ba ta cikin masu tsada. Wani ƙaramin kifi ne mai fatar azurfa da ɗigo-ɗigon baƙi, kohada. Ɗanyensa ba ya ciwuwa, ƙaya ce da ƙarni. Sai an fere shi, an barbaɗa gishiri, an wanke, an jiƙa a khal, an bar shi ya kwana. Minti nawa a gishiri, minti nawa a khal, ya danganta da girman kifin da kitsensa da yanayin garin a ranar. Ba ma'auni ɗaya. Da na tauna, tsami ya fara zuwa, sai gishiri, sai wani maiƙo mai daɗi can ƙarshe. Na yi shiru. Dattijon ya ɗan kalle ni ta gefen ido ya ci gaba da aikinsa.

Wannan wahalar duk tana da asali. Sushi na farko hanyar adana kifi ce: a gishirta shi, a binne cikin dafaffiyar shinkafa wata da watanni har ta yi tsami, a zubar da shinkafar a ci kifin. Har yau ana yin irinsa a bakin tafkin Biwa, kuma wanda ya san warin daddawa ba zai yi musu dariya ba. Irin wanda na ci kuwa a birnin Edo aka fara shi, tsohon sunan Tokyo, wajen shekarun 1820, kuma ana danganta shi da wani mai suna Hanaya Yohei. Abincin bakin titi ne. Leburori da masu sana'a su tsaya a rumfa su jefa biyu ko uku a baki su wuce, kuma lomar lokacin ta ninka ta yanzu girma. Babu firji, don haka kowane kifi sai an yi masa dabarar da za ta kai shi yamma: wani gishiri, wani khal, wani a dafa, wani a tsoma a shoyu. Masu sana'ar suna kiran wannan shigoto, aiki kawai. Dalilin da ya sa masuntan Baga suke banda kifi, ya sa mahautanmu suke shanya kilishi, shi ne dai ya haifi kohada. Bambancin, su da firji ya zo ba su yar da dabarar ba, sai suka mayar da ita abin alfahari suka ɗora mata farashi. Na yi ta tunanin mai tsiren unguwarmu a ce yana da kujeru takwas kuma sai ka yi wata biyu kana jiran layi.

Sai aka zo kan tuna, sarkin kifin wurin. Loma uku daga kifi ɗaya: jar tsoka da aka jiƙa a shoyu, sai mai matsakaicin kitse, sai ta ciki wadda kitse ya ratsa kamar zane, otoro. Wannan ta ƙarshen narkewa take a harshe kamar man shanu. Mutanen Edo ba sa cinta. Kitse ne ke fara lalacewa, don haka yarwa ake yi ko a sayar da arha, har ana cewa kyanwa ma tsallake ta take yi. Yau ita ce mafi tsada a kan kantar. Gaskiya ni jar tsokar ta fi mini. Otoro daɗinta ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, loma biyu sun isa su gundure ka.

Sauran sun wuce da sauri: jatan lande babba da aka dafa a take, bushiyar teku daga Hokkaido mai launin gwaiduwa wadda har yau ban yanke hukunci a kanta ba, anago nawa gasasshe da gishiri. Da aka zo wainar ƙwai aka ba kowa, ni aka naɗa mini tuna a busasshen ganyen teku aka miƙo hannu da hannu. Washegari da na kira Umma na ba ta labari, ta ce, "Ɗanye? Kai ɗan nan, su ba su da wuta ne?" Na ce, "Umma, ai rabinsa ya sha gishiri ko ya ga wuta." Ta ce, "To, Allah Ya tsare cikinka."

Saurayin nan mai kawo shinkafa shi ya jawo mana gardama ni da abokina muna shan koren shayi. Na tambaya, aka ce shekararsa shida a gidan, kuma bai taɓa dunƙula wa baƙo loma ba. A sana'ar akwai maganar da ake yi cewa shekara uku ana koyon dafa shinkafa, takwas ana koyon dunƙulawa. Wanda ya kalli fim ɗin Jiro Dreams of Sushi na 2011 ya ga almajirin Jiro Ono da ya yi wainar ƙwai sama da sau 200 kafin maigidan ya karɓi guda. Gidan Jiro, mai kujeru goma a ƙarƙashin ƙasa a nan Ginza, shi ne inda firaminista Shinzo Abe ya kai Barack Obama a 2014. Abokina yana ganin wannan doguwar hanya ita ce kaɗai hanya.

Ni ban gamsu duka ba, kuma ba ni kaɗai ba. A 2015 Takafumi Horie, ɗan kasuwar intanet da ya yi suna da kamfanin Livedoor, ya tayar da ƙura a Japan da ya ce ɓata shekaru haka wauta ce, abin da makaranta za ta koyar cikin watanni ne. A daidai lokacin wani gidan sushi a Osaka, wanda masu aikinsa kwas na wata uku suka yi, ya shiga littafin Michelin bai cika shekara da buɗewa ba. Wannan gardama na san ta a gida. Na yi shekara huɗu a jami'a ina karanta kimiyyar kwamfuta, ga shi ina aiki da yaran da suka koya a YouTube cikin wata shida, wasunsu sun fi ni sauri. Na kuma san yaron shago a Kantin Kwari da zai shekara goma yana ɗaukar dila kafin a sallame shi, alhali cinikin ya iya shi tun shekara ta biyu. Wani ɓangare na dogon koyo ilimi ne. Wani ɓangaren kuwa arhar ma'aikaci ce da tsare ƙofa, an lulluɓe su da sunan tarbiyya. Da na faɗi haka, abokina ya yi murmushi ya tambaye ni: tsarin da ya faɗi mana ranar Talata, wa ya gano inda matsalar take? Shi ne, cikin minti goma, bayan mu huɗu mun yi awa uku muna bin bayanan kuskure layi-layi. Na tambaye shi a ranar yadda aka yi ya sani, ya ce wurin ne ya yi masa wari. Wannan hancin ba ya cikin kowane littafi, kuma ban san yadda ake samunsa a wata uku ba. Muka bar maganar a nan, kowa da rabin gaskiyarsa, saurayin yana can yana goge akushi.

Kuɗin a 'yar takarda aka rubuto shi da hannu, lamba ɗaya tal, ba bayani. Yen 33,000 kowane mutum. Ba a ba da tukwici a Japan, don haka shi ke nan. Kamfaninsu ne ya biya, amma kan mai lissafi ba ya hutawa. A lokacin yen ɗaya ta ɗan haura naira 10. Sama da naira 330,000 ke nan, kowace loma ta tashi a kan fiye da naira 20,000. A watan Yulin shekarar aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Najeriya. Cikin awa ɗaya da rabi na haɗiye albashin kusan wata biyar na masinjan ofis. Ina da ƙanwa da ke koyarwa a firamare. Wannan lissafin ya tsaya mini a wuya fiye da ƙayar kowane kifi.

Na gwada juya lissafin ta ɓangaren mai gidan. Kujeru takwas, zama biyu a dare, mutum goma sha shida, yen 528,000 in kowa ya zo. A ciki zai biya hayar Ginza, ya biya yaransa, ya sayi kifi. Kullum da asuba yana kasuwar Toyosu, wadda ta gaji tsohuwar Tsukiji a watan Oktoban 2018, wurin dillalan da ya shekara da shekaru yana hulɗa da su, masu ɓoye masa yanki mai kyau tun kafin ya iso. A kasuwar nan ne a gwanjon sabuwar shekara na 2019 Kiyoshi Kimura, mai jerin gidajen sushi, ya sayi tuna guda mai kilo 278 a kan yen miliyan 333.6. Wannan talla ce, ba farashin kullum ba, amma tana nuna irin kifin da ake rububi a kai, kifin da yawan kamu ya taɓa rage shi a teku har sai da ƙasashe suka sa ƙa'idar adadin da za a kama. Na yarda dattijon ba cuta yake ba. Abin da ya sayar ya kai kuɗinsa a kasuwarsu. Sai dai sanin haka bai sauƙaƙa mini komai ba, domin matsalar ba a takardarsa take ba, a tazarar da ke tsakanin yen da naira take, da tsakanin ni da ƙanwata.

Kwana biyu kafin in taso na shiga ɗaya irin gidan sushin, ni kaɗai, da kuɗina. Wanda faranti ke zagayawa a kan bel. Wani mai suna Yoshiaki Shiraishi ne ya buɗe na farko a yankin Osaka a 1958, bayan ya ga yadda kwalabe ke tafiya a masana'anta. A 1981 kamfanin Suzumo ya fito da injin dunƙula shinkafa. Yau ka zauna, ka latsa abin da kake so a allo, faranti ya taho da gudu ya tsaya a gabanka. Ba ka ganin mai yi. Wurin cike da iyalai, yara suna ihu, tsofaffi suna jera faranti. Akwai jan kifin salmon ko'ina, wanda dattijon Ginza ba ya ajiyewa, don 'yan Norwe ne suka tallata wa Japanawa cinsa ɗanye tun daga shekarun 1980.

A nan na ga kaina sosai, domin allon nan da tsarin da ke bayansa irin aikina ne. Mu ne masu cire hannun mutum daga cikin abu don ya yi arha ya isa ga kowa, kuma ina alfahari da hakan. Injin ne ya mayar da sushi abincin talaka kamar yadda yake a zamanin Yohei. Hannun ɗan Adam kuma ya gudu sama, ya koma hawa na uku a Ginza inda mutum takwas ke biyan kuɗin kallonsa. Yanzu injin ya iso sana'ata. Ƙirƙirarriyar basira tana rubuta cikin daƙiƙa abin da nake kwana a kai shekara biyar da suka wuce, kuma ni ma da ita nake aiki kullum. Mai sushi ya sami mafaka saboda ana cin aikinsa a gabansa, ana jin ɗumin tafinsa a shinkafa. Ba wanda zai kama kujera wata biyu don ya kalli yadda nake rubuta manhajar biyan kuɗi. Mai amfani da ita so yake kuɗinsa su shiga, ko aljani ne ya rubuta. Abin da ya rage mana shi ne hancin nan na abokina, kuma damuwata ita ce yaran da ke tasowa, waɗanda injin ya ɗauke musu dafa shinkafar da ake samun hancin a cikinta. A ƙungiyarmu akwai biyu da nake duba aikinsu. Tun da na dawo, in tsari ya faɗi, nakan hana su tambayar injin na rabin awa, su fara shinshinawa da kansu. Ɗaya yana ganin mugunta ce, kuma mai yiwuwa haka saurayin Ginza yake ganin maigidansa.

Faranti goma sha ɗaya na ci a wurin bel ɗin, na biya abin da bai kai yen 2,000 ba. Shinkafar da sanyi, a matse kamar dawo, kifin ba laifi. Na nemi kohada a allon na samu, na latsa. Tsami ne zalla, na kora da shayi na latsa salmon.